Beljiyam: Tarihin Motar Da Ba Ta Da Tarihi

A bakin masu cinikin mota, daga Sakkwato zuwa Wurno, Rabah da Goronyo, kalmar “Beljiyam” ta daɗe da tashi daga sunan ƙasa ta koma sunan daraja. Idan dillali ya ce mota Beljiyam ce, yana nufin ta yi aiki a ƙasar waje amma ba ta taɓa wahala a hannun ɗan Najeriya ba, ko da kuwa daga Texas aka ɗauko ta. Kalmar nan guda ita ce ke tsayawa a madadin duk abin da mai saye ya kamata ya sani: wa ya riƙe motar, sau nawa aka yi mata juye, ko ta taɓa haɗari, ko ruwa ya taɓa shanye ta. Ma'aikacin da ya tara miliyoyi, ko ɗan manomin albasar da kaka ta yi wa kyau, yakan je ya tsaya gaban Marsandi ko BMW mai ƙofa biyu, irin wadda aka ƙera don gudu, ya biya kuɗinsa a kan wannan kalma da ƙyallin fenti. Littafin gyaran motar ba ya cikin ciniki, kuma da wuya a ji wanda ya tambaye shi. Rashin wannan littafi yana da tarihinsa, domin hanyar da motar ke bi kafin ta iso kwarin Rima ita ce ke tuɓe mata takardunta ɗaya bayan ɗaya.

Kafin mota, abin hawan alfarma a wannan yanki doki ne. Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan kuma kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1837, kuma ribaɗi ba ya tsayuwa sai da dawaki. Doki ba ya zuwa da takarda, amma yana ɗauke da labarinsa a jikinsa. Masani yakan buɗe bakinsa ya karanta shekarunsa a haƙora, ya shafa ƙafafunsa, ya sa a yi sukuwa da shi ya saurari numfashinsa. Abin da jiki bai faɗa ba, mutane ke faɗa. Akwai dillalin da la'adarsa ta rataya a kan sunansa, akwai fatoman da baƙon ɗan kasuwa ya sauka a gidansa, wanda za a koma wa idan dabba ta fito ta sata ko mai ciwo. Har yau a kasuwannin dabbobi irin ta Acida haka ake yi: ba a sayen sa daga hannun wanda babu mai tsaya masa.

Shari'a ma ta san da matsalar. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, sun haramta algus da ɓoye aibi, sun kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da ba a faɗa masa ba. Sharaɗin da mai sayarwa kan gindaya cewa babu ruwansa da duk aibin da ya bayyana daga baya, malamai sun taƙaita shi matuƙa, kuma ba ya kare wanda ya san aibin ya yi shiru. Dukkan wannan tsari ya dogara ne da abu guda: a iya kaiwa ga wanda ya san kayan tun asali.

Zamanin da mota ke zuwa da littafinta

Akwai ɗan lokacin da ɗan Arewa ke sayen mota sabuwa fil. A 1972 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Peugeot na Faransa, a 1975 kuma masana'antar Kaduna ta fara fitar da motoci. Da jirgin sama ake kwaso sassan daga Lyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna a haɗa, wanda hakan kaɗai ya isa nuna irin kuɗin man fetur da ke yawo a lokacin. Volkswagen na haɗa nata a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano. Ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a aljihun ma'aikata, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta mayar da 504, wadda jama'a ke kira Fijo, motar hukuma. Wanda ya sayi irin wannan mota yakan karɓe ta da littafin sabis, garejin wakilin kamfani na buga masa hatimi duk lokacin da ya kai ta. Ko da ta zama ta hannu, an san mai ita na farko: ta alƙali wane ce, ta hedimasta wane ce. A gari kamar Rabah wannan shaida ta fi kowane hatimi ƙarfi.

Zamanin bai yi tsawo ba. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan a 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, ta saki naira a kasuwar musayar kuɗi. Nairar da a 1985 ta fi dala daraja, kafin 1993 sai an ba da wajen 22 a farashin hukuma kafin a sami dala ɗaya. Masana'antun da ke sayo kusan kowane ƙusa daga waje suka durƙushe, albashi ya kasa bin farashi, sabuwar mota ta fi ƙarfin babban sakatare balle malamin makaranta. Gurbin da ta bari shi tsohuwar motar Turai ta cike. Yarabawa suka kira ta tokunbo, wato wadda ta zo daga ƙetaren teku. Hausawa suka kira ta da sunan ƙasar da ake lodinta, ko kuma tashar da ake sauke ta: 'yar Kwatano.

Hanyar da ke cinye takarda

Beljiyam ba ita ke ƙera yawancin waɗannan motoci ba, matattara ce. A unguwar Heyvaert da ke bakin mashigin ruwa a Brussels, 'yan kasuwa, da yawansu 'yan asalin Labanan, suka kafa garejin da ke tattaro tsofaffin motoci daga Jamus, Faransa, Holan da Suwizalan, a kai su tashar Antwerp a zuba a jirgin ruwa. A nan littafin gyara ke fara ɓacewa. Mai motar na farko ya sayar wa ɗan tsakiya, shi kuma ya sayar wa mai gareji, kuma babu wanda zai sami ƙarin ko sisi don ya adana wani ɗan littafi da aka rubuta da Jamusanci. Sau da yawa ma ɓatansa riba ce, domin shi ne zai ƙaryata agogon da ke ƙirga tafiyar mota idan an mayar da shi baya.

Dalilin da ya sa jirgin ke sauke kaya a Kwatano maimakon Legas, doka ce. Najeriya, da niyyar kare masana'antunta, ta riƙa ɗora haraji mai nauyi da ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita. A farkon shekarun 2000 an ce kada ta wuce shekara biyar, aka sassauta zuwa takwas, a 2010 aka kai sha biyar. Jamhuriyar Benin kuwa ta buɗe ƙofa, ta mayar da kanta rumbun ajiyar maƙwabciyarta, har masana biyu 'yan ƙasar, John Igué da Bio Soulé, suka rubuta littafi a 1992 a kan wannan salon rayuwa ta ƙasa. A shekarun da kasuwar ta fi bunƙasa, wajajen 2013 da 2014, motocin da ake saukewa a Kwatano sun kai dubu 300 a shekara, alhali kowa ya san Benin ba ta da masu sayen ko rabinsu.

Wasu motocin kan tsallaka ta Seme zuwa Legas. Na 'yan Arewa kuwa sukan bi doguwar hanya. A rubuta a takarda cewa motar wucewa za ta yi zuwa Nijar, a biya kuɗin wucewa, direbobin haya su jera su a ayari: Parakou, Kandi, Malanville, a haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya. Daga nan wasu su karkata ta Kamba, wasu su miƙe Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, har Maraɗi. Ƙonni na kallon Illela, Illela kuma ba ta kai kilomita 100 daga Sakkwato ba. Ta fuskar Gada da Sabon Birni iyakar fili ce shimfiɗaɗɗe mai hanyoyi barkatai, kuma 'yan fito sun san kowacce. Alhazan Maraɗi sun riga sun goge a irin wannan fataucin tun zamanin atamfa da taba sigari, mota ƙarin kaya ce kawai a kan tsohuwar hanya.

Sai a duba abin da wannan tafiya ke yi wa tarihin mota. Dokar shekaru ta sa faɗin ainihin shekarar ƙira ya zama asara. Harajin da ake yankewa bisa daraja ya sa faɗin ainihin farashi ya zama asara. Takardar wucewa ta ce motar Nijar za ta, ga ta kuma a Sakkwato. Duk takardar da ta faɗi gaskiya tana iya zama shaida a kan mai ita, saboda haka mafi sauƙi a rabu da ita. Ga kuma tafiyar fiye da kilomita 1,000 da motar ta yi a hannun direban da ake biya bisa yawan zuwa, da baƙin man da babu wanda ya san ranar da aka zuba shi. Wannan tafiya ba ta shiga lissafin kowa: motar na isowa a wanke ta, a ce Beljiyam ce, ba ta taɓa aiki a Afirka ba.

Takarda ɗaya ce mai saye ya koyi tambaya, ita ce ta kwastan, kuma yana da hujja. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2013 ya ɗaga abin da ake biya a kan ƙaramar mota zuwa kashi 35 cikin ɗari na haraji da wani kashi 35 na ƙari. Daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa baki ɗaya. A watan Maris na shekarar hukumar kwastan ƙarƙashin Hameed Ali ta ce duk mai mota ya je ya tabbatar an biya mata diyuti, abin da ya tayar da ƙura har Majalisar Dattawa ta sa baki aka dakatar. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 aka rufe iyakokin, bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar da ke tsakanin Najeriya da Nijar. Mutumin da ke fargabar a ƙwace masa mota a shingen hanyar Gusau ba zai tsaya damuwa da ranar da aka canza bel ɗin inji ba.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana irin wannan kasuwa a wata maƙala ta 1970, wadda ta kasance cikin ayyukan da suka kai shi ga kyautar Nobel a 2001, kuma da tsofaffin motoci ya buga misali. Idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da mai aibi ba, zai taya kowacce da farashin tsaka-tsaki. Mai motar kirki ya ga an taya masa ƙasa da darajarta ya fasa sayarwa, kasuwa ta rage wa masu aibi. Bahaushe ya riga ya ba abin suna, cinikin biri a sama. Abin da ya ƙara wa namu nauyi shi ne wanda ya ajiye rasiɗan gyara ba ya samun ladan ajiyarsa, domin kasuwa ba ta saba biyan kuɗi a kan rasiɗi ba, kuma rasiɗin ma ana iya buga shi a kowane shagon kwamfuta.

Abin dariya a ciki shi ne ƙasar da ta ba motar sunanta ta magance wannan matsala a gidanta. Tun Disambar 2006 Beljiyam ke aiki da tsarin Car-Pass: duk garejin da ya taɓa mota, da duk cibiyar duba lafiyar mota, sai sun aika da adadin tafiyarta zuwa rumbun bayanai guda, kuma ba a sayar wa mutum tsohuwar mota sai da wannan takarda. Maguɗin agogo ya ragu ƙwarai a cikin ƙasar. Dokar ɗan Beljiyam take karewa, ba ta bin jirgi zuwa Kwatano.

Me ya sa aka daɗe ba a ji zafin abin ba? Domin motocin da suka fara cika hanyar Sakkwato zuwa Goronyo masu haƙuri ne. Fijo 504, Toyota Carina, Starlet, Golf, duk injuna ne da bakanike ke iya karantawa da kunne kamar yadda masanin doki ke karanta haƙora. Ya buɗe murfin mai ya duba, ya taka totur ya kalli hayaƙin salansa, ya leƙa ƙarƙashi. Idan ma an yi kuskure, kayan gyara na nan da araha. Bakanike ya gaji kujerar masanin doki, dillalin mota ya gaji ta fatoma, tsohon tsarin amana ya ci gaba da aiki gwargwadon hali.

Motar tsere ba ta yarda da wannan. An ƙera injinta ne ya yi aiki kusa da iyakar ƙarfinsa, kuma lafiyarsa ta rataya a kan abubuwan da ido ba ya gani. Injin da ke da turbo yana bukatar baƙin mai na musamman a kan kari; idan mai shi na farko ya riƙa jinkirta juye, dattin ya riga ya toshe ƙananan hanyoyin mai, motar kuma za ta yi ƙara mai daɗi ranar ciniki. Bel ko sarƙar da ke daidaita motsin inji tana da wa'adi, idan ta tsinke a guje injin ne ke tafiya gaba ɗaya, kuma littafin gyara ne kaɗai ke faɗin ko an canza ta. Haka man giya, haka famfon ruwa. Sannan motar ta iso ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga fetur ɗin da bai kai ingancin da aka ƙera injin dominsa ba, ga al'adar wasu kanikawa ta cire abin da ke daidaita zafin inji da sunan taimaka masa. Ƙasan motar ma dab yake da ƙasa, an yi ta ne don titin Jamus. A kan hanyoyin gabashin Sakkwato, inda shekarun nan matafiyi ke lissafin ya isa gida kafin la'asar sakaliya saboda 'yan bindiga, motar da ta mutu tsakanin gari da gari ba asarar kuɗi kaɗai take jawowa ba.

Daga Antwerp zuwa Texas

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 kasuwar ta karkata Amurka, sunan Beljiyam dai bai canza ba. Honda Accord da Toyota Camry suka mamaye tituna da laƙabobinsu, daga baya Marsandi da Lexus. Da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, ta hannun Copart da IAA, waɗanda ake iya tayawa ta intanet daga Kano ko Sakkwato. Lissafin a fili yake: a Amurka kuɗin aikin gyara na da tsada, saboda haka inshora kan yanke cewa motar da ta yi haɗari ba ta cancanci gyara ba, alhali a nan mai gyaran bodi zai miƙe ta da kaso kaɗan na wannan kuɗi. Wannan sana'a ce halattacciya, kuma ita ta sa mutane da yawa suka mallaki motar da ba za su iya saye ba. Ɓarnar tana wajen ɓoyewa: jakar iskar da ta fashe aka liƙe murfinta babu komai a ciki, fitilar gargaɗin da aka kashe daga bayan allo, shasin da ya lanƙwashe aka ja shi da sarƙa.

Mafi muni ita ce motar ambaliya. Guguwar Katrina a 2005, Sandy a 2012 da Harvey a 2017 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, na Harvey kaɗai sun kai dubu ɗaruruwa, kuma wani kaso nasu ya bi jirgi zuwa ƙasashen da ba a tambaya. Mutanen kwarin Rima, da suka ga abin da ruwa ya yi a Satumbar 2010 lokacin da ambaliya ta bi ta Goronyo ta share ƙauyuka da gonaki, ba sa bukatar a faɗa musu cewa ruwa na barin ɓarna bayan ya janye. A mota, ɓarnar na cikin wayoyi da ƙwaƙwalwar inji, tana cin su a hankali, ta bayyana bayan wata shida. Akwai kuma ta sata: a Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano a Najeriya. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, yawancinsu zuwa ƙasashen da dokokinsu na duba ingancin abin da ake shigowa da shi ke da rauni.

Tarihin da ya yanke yana cutarwa ta wata fuskar da ba a cika lura da ita ba. Lokacin da aka gano cewa jakunkunan iska na kamfanin Takata na iya fashewa su watsa ƙarfe a fuskar direba, musamman bayan shekaru a wuri mai zafi da laima, an yi kiranyen motoci mafi girma a tarihin Amurka, kuma Honda Accord ta farkon shekarun 2000 na cikin waɗanda abin ya shafa. Wasiƙar kiranye adireshin mai rajista take bi. Motar da ta bar Ohio ta ƙare a Wurno ta fita daga wannan lissafi, wasiƙarta ba za ta taɓa isowa ba.

Sai dai komawa Amurka ya dawo da wani abu da hanyar Antwerp ta ɓatar. Tun 1981 kowace motar da ake sayarwa a can tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma kamfanoni irin su Carfax, wanda aka kafa a 1984, suna tattara abin da aka rubuta a kan kowace lamba: rajista, haɗari, adadin tafiya, wani lokaci har da sabis. Hotunan gwanjo ma sukan zauna a intanet. Yau mai saye a Sakkwato na iya karanta lambar a gindin gilashin gaba, ya buga ta a waya, ya ga motar da ke gabansa tana ƙyalli a ranar da aka ja ta daga wurin haɗari, da adadin mil ɗin da agogonta ya nuna a ranar. Motar da ta fi muni a asali ita ce ta fi sauƙin bincike. Hukumar kwastan ma ta koma ga wannan lamba a 2022 wajen yanke haraji, abin da ya jawo yajin aikin masu fitar da kaya a tashoshin Legas.

Wannan ya sake buɗe tsohuwar ƙofar fiƙihu. Mai neman mayar da kaya saboda aibi sai ya tabbatar cewa aibin ya riga ciniki, kuma a da masana dabba ake kira su duba su faɗa. Hoton gwanjo mai kwanan wata shaida ce irin wannan, dillalin da ya ce mota ba ta taɓa haɗari ba yana iya fuskantarta a gaban alƙali ko a gaban shugabannin ƙungiyarsu. Amma bayanin lambar shasi a tashar jirgin ruwa yake tsayawa. Tun da naira ta sake faɗuwa bayan Yunin 2023, har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, Beljiyam ta gaskiya ta fi ƙarfin yawancin ma'aikata, kasuwa ta koma kan ta hannu, wasu ma a cire musu lamba, a yi musu fenti, a sake kiransu Beljiyam. Shekara biyar ko bakwai da irin wannan mota ta yi tsakanin Abuja, Kaduna da Sakkwato babu inda aka rubuta su. Rajistar motoci ta ƙasa da Ma'aikatar Kuɗi ta ƙaddamar a 2021 haraji da sata ta sa a gaba, ba ta tambayar ranar juye. Abin da ya rage na waɗannan shekaru yana kan bakaniken da ya riƙa kula da motar, idan mai sayarwa ya yarda ya faɗi sunansa da garejinsa.